Yayata Mayyar Fim

Yayata ba ta taɓa neman zama 'yar fim ba. Matasan cocinmu a Kafanchan ne suka zo suna neman mai fitowa a matsayin mayya a fim ɗinsu, suka same ta tana dama kunun sayarwa, hayaƙi ya jaja mata ido. Suka ce, "Mama, ke ce daidai." Ta yi dariya ta bi su.

Ta kuwa iya, abin da ya cuce ta ke nan. A shafa mata toka, a ba ta baƙin zane, ta tsaya a gonar doya a Kagoma ta yi wata dariya, mai riƙe kyamara ma sai ya ja baya. Fim bayan fim, ita ce mai kama kurwar yara, fasto ya yi addu'a ta faɗi. Daga faifai abin ya koma waya, har Gwantu an san fuskarta. Na ce mata, "Yaya, mutanen nan ba sa raba fim da gaskiya." Ta ce, "Ke dai tsoro ya yi miki yawa. Aikin Ubangiji nake yi."

Wata safiya ina gidan Yaya, maƙwabciyarta ta shigo da 'yarta a kafaɗa, jiki zafi rau, mutane na biye. Ta shimfiɗa yarinyar a ƙofar ɗaki. A nan in an zargi mutum da maita, tsallaka marar lafiya ake sa shi ya yi, wai ya saki kurwa.

"Mama, ki tsallaka ta kawai, ba mu zo faɗa ba."

Na matsa kusa da Yaya. In ta tsallaka, ta amsa laifi. In ta ƙi, na ga itacen da ke hannun wasu. Na ce, "Ku da kuke tafa mata a coci, yau ita ce mayya? Ba ku da kunya!" Ba wanda ya kalle ni.

Yaya ta sunkuya ta ɗauki yarinyar, ta goya ta, ta ce da uwar, "Kira mai mashin. Asibiti za mu."

Na bi su a wani mashin, idona a kan ƙafafun yarinyar suna lilo. In ta cika a bayan Yaya, na san ba za a bar Yaya da rai ba. A asibiti aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka sa ƙarin ruwa. Na zauna ina kallon ƙirjin yarinyar yana ɗagawa.

Yarinya ta warke. A kasuwa aka ce ai a hanya Yaya ta mayar da kurwar. Ta daina fim, ta ci gaba da kununta, masu saye suka ragu. Har yau in na ji yaro na zazzaɓi a layinsu, ajiye abin da nake yi nake, in je in zauna a ƙofarta.