Huɗubar da Ake Ji da Hannu

Mijina kurma ne. Ni ina ji, amma gwajin jini ya nuna ina ɗauke da irin gadon da ya toshe masa kunne. Haihuwa ta yi mana nawa, har muka kai ga dashen ƙwai a wani asibiti kusa da unguwar Bloomsbury, a nan Ingila. Likitar ta ce ana iya duba ƙwayayen kafin dashe, a gane mai ji da marar ji. In kuwa an duba, doka ba ta yarda a fifita kurman a kan mai ji ba. Abin da ya rage mana shi ne a duba ko a bari.

A bas ɗin komawa gida Catford, hannuwansa da yake magana da su na kwance a cinyarsa. Ban taɓa ganinsa ya yi shiru haka ba.

Lokacin surukata tana zaune da mu. Ba ta iya maganar hannun Ingila ba, ni ce tafinta tsakaninta da ɗanta. Tana gyaran alayyahu na ba ta labari.

"A duba mana, 'yar nan," in ji ta. "Ranar da aka haife shi babansa ya yi masa huɗuba a kunne. Da muka gane ba ya ji, na daɗe ina kuka, ina cewa ashe kiran sallar bai shiga ba."

Na fassara wa mijina da hannu. Ya yi murmushi ya amsa.

"Hajiya, wai da an duba a zamaninku, wa zai riƙa gyara miki waya?"

Ta jefe shi da karan alayyahu. "Ja'iri. Ce masa da ban yarda an ajiye shi ba. Amma wuyar da ya sha fa?"

"Na sha," ya ce, bai ɓoye ba. Sannan ya nuna ni. "Ke fa? Tun ɗazu maganar wasu kike ɗauka."

Na tambaye shi abin da ke cina: in ɗan ya zo kurma, yaya za a yi masa huɗuba?

Ya kama hannuna ya ɗora a maƙogwaronsa, ya yi kabbara da muryar nan tasa da yake kunyar fitarwa gaban mutane. Kalmomin suka yi rawa a tafina, da ɗumi, kamar tsuntsu a cikin hannu.

Washegari na kira asibitin na ce kada a duba. Tsoro bai sake ni ba. Hajiya tana jina daga kicin.

"Allah ya raya abin da zai ba mu," ta ce. "Ki fara koya mini hannun nan."