Hoton Liman a Gonar Gyaɗa

Ku yarda ko kada ku yarda, ni ɗin nan na taɓa riƙe hoton da ya fi kowane hoto kyau a ƙasar Kano, na kuma ƙi kai shi inda aka aike ni in kai shi. Wanda ya ce ƙarya nake, ga hanyar Rogo nan, ya je ya tambaya. Sai dai masu ƙaryata ni duk sun riga mu gidan gaskiya, don haka gara ku gyara zama.

Zamanin Turawa ne, bayan yaƙin Bama da 'yan shekaru. Aikina bayanin majigi. In an haska hoto a farin ƙyalle, ni ne bakin da ke gaya wa jama'a abin da suke gani, har da wanda ba su gani ba. Baturen ofishinmu, wanda muke kira Mai-Lofe, ya sa gasar hoton noman gyaɗa. Hoton da ya ci za a buga shi a babbar takarda a manna kowace kasuwa, mai ɗaukarsa kuma a ba shi aikin bin motar majigi. Saura kwana biyu ya fita duba hotuna, zazzaɓi ya kayar da shi. Ya kira ni bakin gado ya ce, "Sule, kai ne alƙalin Ƙaraye da Rogo. Ka duba haske, ka duba motsi. Ba na son mutum a zaune kamar turmi. Wanda bai san ana ɗaukarsa ba, shi ne hoto."

Na fito ina jin kaina kamar zai taɓa rufi. Na aro babbar riga wurin maƙwabcina, Asabe matata ta kai ta bugu.

Rana ta farko: Kano zuwa Ƙaraye

Ƙarfe biyar da rabi, muna idar da asuba, lori ta tashi. Kuɗin mota sule uku na biya aka ba ni gidan gaba don darajar riga. Direban, Mamman, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Maigida, ɗaurin aure za a je?"

Na ce, "Shari'a za ni."

"Wa ya yi laifi?"

"Hotuna."

Har muka fita Kabuga yana satar kallona, ina jin ya ɗauka taɓaɓɓe ya ɗauko. A hanya 'yan doka suka tare mu suna duba takardar haraji. Wani mai kaji ya shige ƙarƙashin buhuna, zakara ya yi cara ya tona shi. Taya ta fashe sau biyu. Tafiyar da Mamman ya ce mil hamsin ce da 'yan kai, sai ƙarfe biyu da kwata muka gan mu a Ƙaraye, hanjina ya koma wuya.

Na kai gaisuwa gidan hakimi, aka sauke ni wurin magatakarda, aka kawo fura mai sanyi wadda ta dawo mini da hanjin wurinsa. Da la'asar masu gasa biyu suka zo, malamin makaranta da malamin gona. Hotonsu goma sha ɗaya, amma in ka ga ɗaya ka ga sauran. Manomi a kan kujera tsakiyar gona, riga kan riga, hannu biyu a gwiwa, ido a zare kamar an ce masa ga mai karɓar jangali. Na tambayi malamin gona ina gyaɗar. Ya nuna mini wani ɗan tsibi a gefen takalmi.

Na ce, "Me ya sa ba ka ɗauke su suna aiki ba?"

Ya ce, "Alƙali, wa zai yarda? Mutum sai ya ga hannunsa biyu da ƙafarsa biyu a hoto, kada jikoki su ce kuturu ne ko ɓarawo."

Na yi masa dariya irin ta ɗan birni. Da na san abin da ke jira na, da na adana ta.

Rana ta biyu: Ƙaraye zuwa Rogo

Babu mota ranar, sai keken haya. Na naɗe rigar aro na ɗaure a bayan keke, na tashi ƙarfe shida. Hanya ta bi cikin gonaki, ko'ina ana cirar gyaɗa, duk inda ka tsaya sai an cika maka hula. Na ƙetare rafi da keke a kafaɗa, shi ya hau ni, ya rama. Sha ɗaya saura na shiga Rogo, kasuwa tana ci. Bayan gari na tsaya na zura riga, kada alƙali ya shiga kamar ɗan dako.

Mai gasa ɗaya ne a nan, Tanimu, tsohon soja. A can wurin yaƙi ya koyi hoto, ya dawo da 'yar ƙaramar kyamara ta hannu da ɗingishi a ƙafar hagu, wanda ya hana shi noma. Ya ce mini tun da ya ji labarin aikin majigi bai ƙara barci mai daɗi ba. Hoto ɗaya tak ya miƙo mini a ƙofar gidan dagaci.

Jama'a, ku ji abin da na gani. Wani dattijo ne a duƙe, daga shi sai warki, ba riga ba hula. Ya tumɓuko gyaɗa, ƙasa na zuba daga saiwar, hantsi ya bugi bayansa har kana ƙirga zufa. Ka ce in ka kasa kunne za ka ji nishinsa. Duk abin da Mai-Lofe ya lissafa yana ciki.

Ai ban tsaya tunani ba. Na ɗaga shi sama na ce da ƙarfi, irin muryar majigi, "Ga wanda ya ci!" Mutanen kasuwa suka yanyame ni. Can wani mahauci ya ce, "La! Wallahi Liman ne! Limamin unguwarmu na Beli!" Dariya ta ɓarke. Wani ya ce ashe sanƙo gare shi, rawani ke rufa asiri. Dagaci bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam Sule, shi mai hoton ya gani?"

Na juya wurin Tanimu. Ya sunkuyar da kai ya ce ta bayan shinge ya ɗauka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai nan kyan yake."

Ya ce, "To, gobe ka je ka gaya masa haka."

Rana ta uku: Beli

Ƙarfe bakwai muka kama hanya, ni da Tanimu, goyo a keke ɗaya. Labari ya riga mu, don labari ba ya faci. Muka iske Liman a zaure, cikin riga da rawani, yana duba littafi. Ya amsa gaisuwarmu har ƙarshe, ya tambayi mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su, ya sa aka kawo dafaffiyar gyaɗa. Sannan ya miƙo hannu.

Ya daɗe yana kallon hoton. Ya kai shi bakin ƙofa wurin haske. Da ya yi magana, ba da mu yake ba. "Wannan ai bayan Baba ne. Haka yake duƙawa, Allah ya jiƙansa. Ashe na zama shi ban sani ba."

Na ga ƙofa ta buɗe, na kutsa. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, hoton nan zai shiga kowace kasuwa. Har Ingila ma sai an san ka."

Ya ce, "A haka?"

"Ai darajar noma ake nunawa."

"Noma ba abin kunya ba ne, yaro. Da shi na ci, da shi na yi karatu. Amma gonata ɗakina ce, shi ya sa na kewaye ta. Gobe da asuba zan tsaya gaban mutanen nan, suna bayana. Da, in na yi ruku'u, Allah suke tunawa. Yanzu gyaɗa za su tuna." Ya ajiye hoton a kan buzu. "An ce kai alƙali ne. Alƙalan da na sani sai sun ji bakin mutum biyu. Ka ji na mai ɗauka. Ni da aka ɗauka fa?"

Na dubi Tanimu, na dubi ƙafarsa. In na bar hoton nan a Beli, aikinsa na bari. In na tafi da shi, ba mai hana ni, takardar alƙalancin da Bature ya ba ni na aljihuna.

Tanimu ne ya riga ni. Ya ciro uwar hoton, baƙin fim ɗin da ake wankewa daga ciki, ya ɗora a kan buzu. Ya ce, "Baba, na yi laifi. Amma ka taimake ni mu sake wani."

Liman ya yarda, da sharaɗin taguwa da malfa. Muka tafi gona. Wayyo! Duk sanda Tanimu ya ce ya duƙa kamar ba kowa, sai ya duƙa ya ɗago kai yana kallonmu, gyaɗa a hannu kamar an ba shi riƙon jaririn wani. Sau shida. Hoton asali kuwa, Liman ya sa shi cikin gafaka tsakanin littattafansa.

Komawa gida

Kwana ɗaya na ƙara a Rogo Tanimu ya wanke sabon. Na sami lorin gyaɗa mai zuwa Kano kai tsaye, sule biyu a kan buhuna, muka tashi ƙarfe takwas muka iso ana kiran magariba. Alhamdu lillahi. Ina gode wa magatakardan Ƙaraye da furarsa, da dagacin Rogo da ya yi mini tambayar da ta fi rigata nauyi.

Mai-Lofe ya dubi hoton ya taɓe baki, ya ce mutumin ya san ana ɗaukarsa. Wani daga gabas ya ci gasar. Tanimu bai sami aikin ba, ya tsufa yana ɗaukar mutane a kasuwar Rogo, hannu biyu a gwiwa. Ni kuwa na yi shekaru ana kira na alƙalancin hotuna da na majigi, kuma kafin haske, kafin motsi, tambayar dagaci nake fara yi. Har yau ban tabbata na yi wa Tanimu adalci ba.

Ranar da na dawo, ina cin tuwo ina yi wa Asabe ƙorafi, wai na binne hoton da ba za a sake irinsa ba saboda tsoho ɗaya ba ya son a ga bayansa. Tana ninke rigar maƙwabci za ta mayar, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce:

"Kai da za ka je kallon hoton ma sai da ka aro riga, shi ne za ka manna uban wani tsirara a kasuwa?"