Tsohon da Ya Tafi da Takobin Yaya Sabi'u

Ni, Babban Darektan Wasannin Waya na jahar Damagaram, ga hukuncina: wasan harbin zombi ya fi tsohon wasan takobi da dodanni.

Zombi gawa ce mai gaskiya. Ta taso maka, ka harbe ta, ba ta tambayarka komai da Faransanci.

A Dungas wani saurayi ya ari wayar yayansa, ya shiga wasan takobi. Wani tsoho mai gemu ya tare shi da dogon bayani da Faransanci. Karatun allo kawai saurayin ya yi, kuma a gidansu ba a ce wa dattijo a'a. Ya danna "wi", wato "i". Tsoho ya karɓe takobin da yayan ya sha wahalar nema tun damina kafin ya samu, ya yi gaba.

Yayan ya dawo daga kasuwar Magariya ya ce, "Auta, jarumina lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya. Yau har sadaka ya yi."

"Madalla."

Jama'a, babu wani darekta, ni ne Ila ƙanen Sabi'u. Bayan la'asar zai buɗe wasan. Wanda ya san gidan tsohon nan ya rubuta a ƙasa don Allah, kafin a raba ni da waya har abada.