Bindigar da Na Tsinta a Saman Silin

Ƙarar sakatar ƙofa ce ta tuno min da Kawu yau. Ranar da na tsinci bindiga a saman silin gidanmu da ke unguwar Handsworth, shi na kira, don gyaran makamai ya yi a soja. Ya taso daga Manchester, ya tsaya a kanta, hannuwa a baya kamar kullum.

"Gajera ce, amma da sakata irin ta doguwar bindiga. Ƙirar hannu ce. Harsasanta ma ba na kanti ba ne, an matse wuyan kwansonsu don su dace da ita. Ba mamaki akwai ɗaya a ciki. Fita da yaranka, ka kira 'yan sanda."

Shi kaɗai ya zauna da ita har suka iso. Allah kada ka bar Kawu shi kaɗai a kabarinsa.