Gwiwar da Na Ɓoye Har Bakin Kabari

Da ana mayar da abin da ya wuce, da ban shiga kabarin nan ba. Sunana Sani, magini ne ni a Tsafe, na ba shekara hamsin baya. Na daɗe ina ɓoye ciwon gwiwa. Kullum da safe sai in haɗiyi ƙwayar kashe zogi in hau tsani, don kada a ce na tsufa a daina ba ni aiki. Yayana Mamman, manomi a Karakkai, da jinya ta yi masa tsawo ya bar wasiyya cewa ni zan kwantar da shi a kabari da hannuna. Na amsa masa, ban ce komai a kan ƙafata ba.

Tsafe

Ana kiran assalatu babban ɗansa Lawali ya bugo waya. "Baba Sani, tsoho ya cika. Kai ake jira." Na zura riga na fita, na manta ƙwayar a kan taga.

A tasha ba motar da ke tashi sai gari ya waye sarai, saboda halin da hanya ke ciki. Da aka fara lodi direba ya dube ni ya ce, "Baba, zo gaba ka miƙe ƙafa."

"Wane ne babanka? Da wannan ƙafar nake hawa bene."

"Allah ya huci zuciyarka, saurayi," in ji shi. Fasinjoji suka yi dariya. Na shige baya, mu huɗu a kujera, gwiwata manne da ƙarfe.

A wani shingen jami'an tsaro aka ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa. Ƙafar ta sandare. Wata tsohuwa mai dogara sanda ta wuce ni, ta waiwayo ta ce, "Malam, ko in ara maka?" Na kau da kai.

Gusau

Wajen ƙarfe takwas muka shiga. Na hau keke napep zuwa inda ake lodin Bungudu, na sha kunu a tsaye, don na san in na zauna tashi zai yi wuya. Ga kantin magani can tsallaken titi, amma mutum ɗaya ya rage mota ta cika, kuma Lawali ya sake kira cewa an gama haƙa kabari, rana tana yi. Na shiga mota.

Bungudu zuwa Karakkai

Daga Bungudu sai acaɓa. Damina ce, hanya duk ramuka da taɓo, kowane rami ina jin sa har ƙeya. Da muka iso sai da ɗan acaɓan ya kwantar da mashin kafin na iya sauke ƙafa. Lawali yana ƙofar gida, ya gani.

Aka yi salla, aka ɗauki makara. A hanyar maƙabarta ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya. "Baba, mi ya samu ƙafarka? Ka tsaya a baki ka ɗora hannu, ni in shiga. Wasiyya ta cika ke nan."

"Kai aka ba wasiyyar ko ni?"

Ya ja baya.

Kabari a wajenmu hawa biyu ne: uwa mai faɗi inda masu karɓar gawa ke tsayawa, da ɗan matsattsen ramin da ake kwantar da mamaci. Mu uku muka sauka, na tsaya wajen kai. Aka miƙo shi. Jinya ta cinye shi, ba shi da wani nauyi. Na sunkuya zan kai shi ƙasa, sai gwiwar ta lanƙwashe. Na zube. Kan Yaya ya kuɓuce mini ya bugi gefen ramin. Na ji ƙarar, duk wanda ke kusa ya ji. Likkafani ya ɓaci da jar laka.

Aka ɗauki salati. Lawali ya diro, ya tallabi kan ubansa, ya gyara masa kwanciya ya fuskantar da shi gabas, ya goge lakar da hannun rigarsa. Ni kuwa mutum biyu suka kama ni ta hammata suka fitar. Ina zaune a ƙasa aka jera itace, aka shafe da laka, aka rufe. Ko ƙasa ban iya zubawa ba.

Da muka koma gida na shiga yi wa Hajara, matar Yaya, gaisuwa. Mata ba sa zuwa maƙabarta, kuma ba wanda ya gaya mata. Ta ce, "An ce kai ka kwantar da shi. Kullum cewa yake hannun Sani ba ya rawa. Allah ya saka maka." Na ce amin. Lawali yana tsaye a bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

Komawa

Bayan sadakar uku Lawali da kansa ya kai ni Bungudu a mashin. Bai tayar da maganar ba, ni ma na kasa. A Gusau na tsaya asibiti. Likita ya lallatsa gwiwar ya ce ta gama cinyewa, ni da hawa tsani har abada. Da la'asar na iso Tsafe. Na gode wa Allah da ya maido ni gida, na gode wa mutanen Karakkai da suka rufa mini asiri.

Abin da nake roƙon mai karatu shi ne, ranar da jikinka ya fara gazawa, ka faɗa da bakinka tun kafin a miƙo maka abin da bai kamata ya faɗi ba. Ku sa Yaya Mamman a addu'a.