Babur ɗin da Kawu ya gwada mini

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar Talatar da na kwanta a kan titin Atonsu, kaina a gaban tayar tifa. Yau sati biyar ke nan. Madam, shugabar wurin aikinmu, ita ta ce in rubuta don 'yan mata biyu da za a ɗauka wata mai zuwa, su karanta kafin a kai su zaɓen babur.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ina aiki a wani ɗakin gwajin jini mai zaman kansa a nan Kumasi. Ba ni ke gwajin ba, ni sakandare kawai na gama, na yi shekara biyu ina taya Mma, mahaifiyata, sayar da koko a Moshi Zango kafin in samu wannan. Aikina ɗauko samfur. Ƙananan asibitoci da gidajen haihuwa da ba su da injin gwaji sukan ɗibi jini su zuba a 'yan kwalabe, mu kuma mu bi mu karɓa. Kowace kwalba sai ka duba sunan jikinta ya yi daidai da na fom, ka sa hannu, nas ta sa hannu, ka rubuta lokaci. Sannan ka jera su a akwatin sanyi mai soso da ƙanƙara, ka ɗaure a bayan babur. Akwai jinin da in ya daɗe a hanya ya lalace, sai an sake kiran mai shi an sake huda shi. Shi ya sa ba a yin aikin nan da trotro, wato ƙaramar bas ta haya.

Mu biyu ne masu babur. Babbanmu Baba Seidu, sa'an babana ne, ya daɗe a aikin. Sai ni, da aka ɗauka gwajin wata uku, aka ba ni layin Atonsu da unguwannin bayanta. Ƙa'idar ofis ita ce, ofis ke sayen babur, amma mai hawa ke zaɓa, a wani shago kusa da kasuwar Race Course. Baba Seidu ne ya kamata ya raka ni. Sai aka yi masa rasuwa a arewa ya tafi.

Da na faɗa a gida, babana ya ce ba zan shiga cikin maza ni kaɗai ba, in tafi da Kawu Isifu. Kawu ƙanin Mma ne, dogo, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakinmu. Tun kafin a haife ni yake hawa babur, kuma a gidanmu in ya yi magana a kan inji babu mai ƙarawa.

Mun isa shagon da hantsi. Maza shida ko bakwai a kan benci suna shan shayi, ni kuma cikin abaya. Idona ya faɗa kan wani ƙaramin babur marar kulochi, mai buɗaɗɗen gaba, irin wanda na koya da shi a gidan gwaggona a Tamale har na yi lasin. Na nuna wa Kawu a hankali.

"Wannan?" in ji shi. "Rukayya, wannan moto na zuwa cefane ne. Direban trotro in ya gan ki a kan wannan, sai ya tura ki cikin kwata bai san ya yi ba. Kin san ramukan Atonsu kuwa? Ga akwati a baya. Babba za ki ɗauka, mai ƙarfi, wanda in ya yi ƙara a ba ki hanya."

Ba ƙarya ya yi ba, ramukan suna nan, direbobin ma haka suke. Ya dafa wani baƙin babur mai dogayen tayoyi. Mai shagon, Masta Dauda, ya ce, "Sista, zo ki hau ki ji shi."

Mazan benci duk suka juyo. Hawa irin wannan babur sai ka ɗaga ƙafa ka wurga ta bayan sirdi, ni kuma ga abaya, ga maza, ga kawuna tsaye.

"Ba sai ta hau ba," in ji Kawu. "Ni zan gwada mata."

Gaskiya zan rubuta: daɗi na ji. Ji na yi ya rufa mini asiri. Ya hau, tafin ƙafarsa biyu a ƙasa har gwiwa ta lanƙwashe, ya zagaya layin ya dawo. Ya ce, "Daidai ne. Ko yaro ƙafarsa za ta kai." Masta Dauda ya miƙo fom ɗin ofis. Akwai layin da aka rubuta cewa mai hawa ya gwada babur da kansa. Na sa hannu.

A tsakar gidanmu na fara zama a kansa, bayan kowa ya fita. Ƙafa biyu ba su kai ba. Ɗaya ce ke kaiwa, ita ma kan yatsu, sai na zame daga sirdi na karkata hagu. Ban faɗa wa kowa ba. An riga an saya, Kawu ya riga ya gaya wa rabin unguwa shi ya zaɓa. Na yi Asabar da Lahadi a filin makaranta ina koyon kulochi, filin kuwa shimfiɗe yake kamar tabarma. Na ce a raina zan saba. Kwana goma sha ɗaya ina aiki a haka, duk tsayuwa sai na zame na dogara da yatsu. Da Baba Seidu ya dawo, a bayan gini nake ajiye babur don kada ya ga yadda nake sauka.

Ranar Talatar, wajen sha ɗaya na safe, na karɓi kwalba tara daga wani gidan haihuwa na kamo hanyar ofis. An yi ruwa da asuba. Cunkoso ya kama a wani ɗan hawa, ana matsawa taku uku a tsaya. Na shiga tsakanin trotro a damana da tifar yashi a haguna. Wata tasi ta kutso gabana, na taka birki, na zame kamar kullum na sa yatsuna a wani ɗan ruwa da na ɗauka kwalta ce a ƙasa. Rami ne. Ƙafata ta tafi, babur ya bi ta. Na riƙe shi da duk ƙarfina, amma ya fi ni nauyi nesa ba kusa ba.

Na faɗi hagu. Babur ya danne mini ƙafa, hular kwanona ta bugi kwalta, na buɗe ido na ga tayar gaban tifa. Direban yana can sama, ba ya ganin abin da ke gindin motarsa. Sai na ji wannan hucin da tifa ke yi in an saki birki. Akwai wani farin dutse maƙale a zanen tayar. Na ga dutsen ya fara gangarowa.

Wata mata mai sayar da ruwan leda ce ta gan ni. Ta juye robar tallarta gaba ɗaya a titi, ta shiga dukan ƙofar tifar da ita tana ihu da Twi, yaren mutanen Kumasi. Tayar ta tsaya. Da na miƙa hannu da na taɓa ta ba tare da na miƙe gwiwar hannu ba.

Maza biyu ne suka ɗaga babur ɗin. Matar ta ja ni bakin hanya, ta fasa leda ɗaya ta zuba mini a fuska. Ta kalli babur, ta kalle ni daga sama har ƙasa.

"Moton mijinki ne?"

"Nawa ne, Maame."

"A'a," in ji ta. "Ba naki ba ne." Ta koma tsintar ledojinta.

Ƙa'ida ita ce in an yi haɗari ka kira babbanka kafin kowa. Baba Seidu ya iso cikin minti ashirin. Ya tsaya a kaina.

"Kin mutu?"

"A'a, Baba."

"Alhamdu lillahi. Ina akwatin?"

Ya buɗe ya ƙirga, tara cif, soso ya riƙe su. Ya rubuta lokaci, ya ɗaure akwatin a nasa babur. Sai a lokacin ya tsuguna ya lallatsa ƙafata.

Washegari Madam ta kira ni, fom ɗin shago a gabanta, Baba Seidu a gefe.

"Wannan sa hannunki ne?"

"Nawa ne, Madam."

"Kin zauna a kan babur ɗin kafin a saya?"

"A'a."

"Wa ya zauna?"

"Kawuna."

"Kawunki ne ke kawo mana jini?"

Ta ce baƙin babur zai koma hannun Baba Seidu, da ma nasa ya tsufa. Ni kuma zuwa Juma'a, ko in koma shagon in zaɓa da ƙafata a gaban Baba Seidu, ko in ajiye hular kwano, don ba ta da aikin tebur da za ta ba ni. Na fito ina tunanin tukunyar kokon Mma. Ina kuma tunanin bencin nan, da yadda zan ce wa Kawu zaɓinsa bai yi ba.

Ban iya faɗa masa ba, Mma ce ta faɗa. Ya zo da yamma ya ɗauki hular ya daɗe yana shafa inda kwalta ta kankare. Ya ajiye ta ya fita. Na ɗauka fushi ya yi. Ranar Alhamis da muka isa shagon, muka tarar da shi tsaye a bakin ƙofa.

Na sa wando da doguwar riga har gwiwa. Bencin cike yake kamar wancan karon. Baba Seidu ya cika akwati da ledojin ruwa don nauyi, ya ce kowane babur sai an ɗaura masa shi. Ya ce, "A Atonsu tsayuwarki ta fi tafiyarki yawa. Giya ta uku ma sai kin yi sa'a. To tsayuwar za mu gwada." Kowanne sai in hau, in sa ƙafa biyu, in karkata shi dama in dawo da shi, in karkata hagu, in tura shi baya ina zaune, in sauka in juya shi da hannu.

Da na wurga ƙafa a kan na farko, kunnuwana zafi suke. Wani a benci ya ce, "Dogo, yau ba kai za ka gwada mata ba?" Suka kwashe da dariya.

"Ni na gwada nawa," in ji Kawu. "Mun ga sakamako."

Dariyar ta mutu. Ya yagi kwali daga wani katan, ya tsuguna a gaban mutane da farar rigarsa, ya tura kwalin ƙarƙashin diddigena. Kwalin ya wuce. "Sauka," in ji shi. Na biyu ma ya wuce. Na uku Masta Dauda ya ce ai da takalmi mai tudu zai yi, Kawu bai ko ɗago ba. Na huɗu shi ne ƙaramin nan da na nuna ranar farko. Na zauna, ƙafafuna biyu suka kwanta a ƙasa. Kawu ya tura kwalin dama, ya tokare. Ya zagaya hagu, ya tokare. Na karkata babur ɗin da akwatinsa na dawo da shi ba tare da na yi nishi ba.

"Wannan," in ji shi.

Masta Dauda ya ce, "Na cefanen?"

"Ai masu zuwa cefane suna dawowa gida," in ji Kawu, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

Wannan karon sai da na karanta layin nan na fom har ƙarshe kafin in sa hannu.

To ku da za ku zo, abin da na sani ke nan. Ƙaramin babur ba ya gudu sosai, a rami kuma yana jijjiga ni har haƙora, direbobin trotro ma ba sa ganin girmansa. Duk gaskiya ne. Amma wanda ya fi ku sanin inji bai san tsawon ƙafarku ba, ko da kuwa yana son ku kamar ransa. Kunyar benci minti biyar ce. Kuma in kun ga abu bai yi ba, ku faɗa a ranar farko, kada ku ɓoye a bayan gini kamar ni. Mutanen aikin nan bakinsu da kaushi, amma ba wanda zai yi muku dariya sau biyu.

Har yanzu in tifa ta tsaya kusa da ni sai in bari ta wuce ko da masu hon za su cika mini kunne. Ba na kuma shiga tsakanin manyan motoci. Satin da ya wuce cunkoso ya tsayar da ni a wannan hawan, sai ga matar da robarta a ka. Na kira ta, na yi ta godiya da Twi ɗina marar kyau. Ba fuskata ta kalla ba. Ƙasa ta kalla, inda takalmana biyu suke kwance a kwalta.

"Yauwa," in ji ta. "Wannan naki ne."