Takardar da Baba Inusa Ya Jira

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu na shekarar 1975, jim kaɗan kafin la'asar, Allah Ya karɓi ran Baba Inusa Maƙeri, wanda duk Madarunfa ta fi sani da Inusa Mai Pil, wato mai batir. Ina cikin aji da alli a hannu aka leƙo ta taga aka gaya mini. An sallace shi aka kai shi makwancinsa kafin magariba. Ya bar matarsa Inna Ɗelu, da 'ya'ya biyu, Tanko da Binta, da jikoki bakwai.

Baba, ni ne Haruna, malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ka yi shekara goma sha ɗaya kana kira Mushe, yadda ake kiran malaman boko, ba ka taɓa kama sunansa ba. Baba Inusa, ni na rubuta duk wata takarda da ta taɓa fita garin nan da sunanka, shi ya sa na ga wannan ta ƙarshe ma ni ya kamata in rubuta. Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya fi nauyi. Takarda guda ka nema a duniya, wadda za ta shaida cewa kai ka ƙirƙiro abin da ka ƙirƙiro. Shekara biyu kana jiran amsarta, alhali amsar tana ƙasan akwatina.

A 1964 aka turo ni garin nan, ban san kowa ba, ba ni da abokin hira sai wata 'yar rediyo da ta daina magana tun a hanya. Aka nuna mini rumfarka ta bakin kasuwa, wadda ke fuskantar tabki. Na tarar da kai cikin kekuna da fitilu da tocila iri-iri, ka karɓi rediyon ka kara a kunne kamar mai sauraren ƙirjin maras lafiya, ka ce lafiyarta lau, yunwa take ji. Ka sa mata pil biyu daga aljihunka, ka ƙi karɓar komai, sannan ka aika aka kawo mini fura daga gidanka. Sai daga baya na gane haka kake wa kowa. Inde ungozoma, wadda ke zuwa daga wani ƙauyen masu addinin gargajiya can wajen Gabi, ba ta taɓa komawa gida da tocila matacciya ba, kuma ba ka taɓa tambayar ta abin da take bauta wa ba. Ka ce mai karɓar haihuwa ba ta kamata ta yi lalube.

Abin da ya hana ka sakat shi ne mutuwar pil. A kawo shi daga Maraɗi ko Ɗan Issa, ya yi 'yan kwanaki, zafi ya cinye shi. Mutane su shanya shi a rana bisa dutse ko zai farfaɗo, ya yi musu rabin labaru ya sake yin shiru. Kai kuwa sai ka bi gida-gida kana tattara matattun, kana farke su da wuƙa. Ka ware baƙin sandan da ke tsakiya, ka ware baƙin garin, ka ware farin ƙarfen da ya naɗe su. Ka ce duk waɗannan da ransu, ruwan da ke tsakaninsu ne ya ƙafe. Daga nan ka shiga neman ruwan. Ka gwada na gishiri, ka gwada na tsamiya, ka gwada na lemun tsami, har na kanwa. Gari ya yi ta yi maka dariya, ni ma na taya su, domin na je makaranta kuma ina ganin na san abin da ba zai yiwu ba.

Inna Ɗelu ce ta ba da amsa ba da niyya ba. Ita ce gwanar sabulun gargajiya a unguwarku. Takan ƙona karan gero, ta tace tokar sau uku, ta dafa ruwan har ya yi ƙarfin da in ya taɓa yatsa sai ya yi santsi. Wata rana ka ɗebi ƙoƙo guda a bayan idonta. Ƙwan fitilar da ka ɗaura wa waya ya yi ja, ya ƙara ja, ya tsaya a kunne tun daga hantsi har la'asar. Ta zo tana faɗa an taɓa mata ruwan toka, ta tarar da kai zaune a ƙasa kana kallon ɗan ƙwan nan da hawaye a gemu. Ta ce, "To, ga shi dai ya kama. Sai ka maido min ƙoƙona."

Sauran dabarar daga randa ka samo ta. Ka lura ruwa yana tsattsafowa ta jikinta amma ƙasa ba ta shiga. Ka sa aka gina maka ƙananan kasake, ka zuba baƙin garin da sandan a ciki, ka zaunar da kasko cikin tukunya, ka kewaye shi da farin ƙarfe, ka cika da ruwan tokar Inna Ɗelu. Ruwan yana ratsawa, kayan ba sa cakuɗa. Tukunya shida ka jera ka haɗa da waya, rediyo ta buɗe baki ta yi wata guda tana magana. Na tsokane ka na ce pil ɗin Bature aljihu yake shiga, naka kuwa sai an ɗauro amalanke. Ka ce ai Baturen ba ya da karan gero a bayan ɗakinsa.

Abin da na fi kewa shi ne zaman da muke yi bayan la'asar, kana kallon tabki kana zance kamar ba da ni kake ba. Ka ce duk ranar da gero ya sha tun yana tsiro tana nan kwance cikin kara, in an ƙona karan kuma sai ta koma ta ɓuya cikin toka, aikinka kawai ka tashe ta. Ka ce wata rana kowane ɗaki daga Safo har Gabi zai sami tukunyarsa a bayan ƙofa, mata su riƙa ba ta ruwan toka yadda suke ba kaji ruwa. Ka ce masunta za su rataya fitilu a jiragensu, mai tahowa daga Maraɗi ya hango tabkin ya rasa ko gari ne ya sauka bisa ruwa. Ni malamin lissafi ne, na san tukwanenka ba za su kai can ba. Amma in kana magana nakan manta da lissafin, in bi ka mu shiga garin nan na kan ruwa, sai kiran magariba ya dawo da mu.

Ba ka ɓoye wa kowa dabarar ba. Duk wanda ya tsaya a rumfarka ka koya masa, wanda bai tsaya ba ma ka kira shi. Kafin shekara uku akwai tukwanenka a Safo, akwai a Gabi, wani mai shayi a Ɗan Issa yana tara jama'a da su.

Da kakar 1972 wani ma'aikacin gona ya bar mini wata mujallar Faransanci. A ciki na ga labarin sabon pil da ake yi a ƙasashen waje, mai daɗewa fiye da na da, wanda ruwan cikinsa ɗan uwan ruwan toka ne. Na zo na fassara maka. Ka yi dariya har da buga cinya, ka ce ashe su ma matansu sabulu suke yi. Na ci gaba na karanta inda aka ce duk wanda ya fito da sabon tsari, ko na ruwan ko na gidan da ake zuba shi, akwai ofishin da ke ba shi takarda mai hatimi, a rubuta sunansa, ya zauna har bayan ransa. Nan dariyar ta tsaya. Ka daɗe kana juya mujallar da ba ka iya karantawa, sannan ka ce, "Mushe, ni ban da gona babba, ban yi karatu ba. Ina son jikokina su ga sunana wurin da ba a gogewa."

Na nemo adireshin, na zana tukwanen, na rubuta bayani. Sai muka zo kan yadda za su yarda cewa kai ne mai abin. A nan na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Mu a nan, in mutum ya ce gona tasa ce, shaidu yake kawowa, kuma yawansu shi ne ƙarfin maganarsa. Na ce mu yi haka. Ka hau keke ka zaga ƙauyuka, ka dawo da mutum arba'in da ɗaya da suka dangwala yatsa cewa shekara biyar suna amfani da tukunyar Inusa, kuma shi ya koya musu da hannunsa. Na jera sunayensu da na garuruwansu da rubutuna mafi kyau, muka aika muna murna.

Da bazara amsa ta zo. Cikin ladabi aka rubuta ta. Suka ce a dokarsu ba a ba da takardar sai ga abin da ba a taɓa nuna wa jama'a ba, kuma shaidun da muka aiko sun tabbatar cewa wannan ya daɗe a hannun kowa, saboda haka ba za a iya ba. Wato da hannuna na rubuta hujjar da ta kayar da kai. Na karanta sau uku a tsaye, na ninke, na sa ƙasan akwati. Na ce sai na sami ranar da ta dace. Sai ga fari ya zo, gero ya ƙone a gona, dabbobi suna faɗuwa, na ce ba yanzu ba, kada in ƙara maka. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji ka dube ni ka ga mai ilimin da ka dogara da shi bai san komai ba.

Kowace Juma'a, bayan motar wasiƙu ta wuce, kakan tsaya a ƙofar gidana ka ce, "Mushe, ko da labari?" In ce babu tukuna, Baba. Ka ce ai wurin da nisa, ka tura kekenka. Na lura ka daina farke pil, ka daina gwaje-gwaje, sai gyaran keke kawai. Da na tambaye ka, ka ce maganar tana gaban masu shari'a, kuma ba a taɓa abin da ake shari'a a kansa sai an yanke, kada su ce ka sauya. Na ji wannan da kunnena, na kuma yi shiru.

Ranar Litinin, kwana biyu kafin rasuwarka, Inna Ɗelu ta aiko cewa jikin ya tsananta, kuma ko a kwance motar wasiƙu kake tambaya. Na ɗauko takardar na zo. Na durƙusa gefen tabarmarka na faɗi komai, ban rage ba, har da shekara biyun. Na fassara maka ita layi-layi.

Da na gama ka ce, "Sun sa sunana ciki?"

Na ce sau uku.

"Gwada min wurin."

Na kama yatsanka na ɗora a kai. Ka bar shi nan. Ba ka yi faɗa ba, kuma da ka yi da na fi samun sauƙi. Ka ce a hankali, "Da ka hwaɗa min tun lokacin, Mushe. Akwai wani pil wanda ban gwada ma kowa ba. Ƙarami ne, cikin gwangwani, ba shi zubewa. Ruwan za a kaurara. Shina nan cikin kaina tun bara waccan, ina jiran su gama da wancan."

Na zaro kaye, ɗan littafin rubutuna, daga aljihu na ce ka faɗa in rubuta yanzu. Ka fara. Ka ce a sami ruwan toka na tacewa ta uku, a sami ƙaro mai kyau a jiƙa, sannan a... sai tari ya sarƙe ka. Da ya lafa ka ce ka gaji, in dawo Alhamis da ba lakwal mu ƙarasa. Na miƙe zan fita, ka kira ni ka ce, "Na yahe maka, kar ka tahi da abin a ranka." Inna Ɗelu tana bakin ƙofa, ta kauce na wuce.

Alhamis ta same mu zaune a wurin zaman makokinka. Kayen yana gabana yanzu da nake rubutun nan, layi biyu da rabi ne a shafin, kuma babu mai ƙarasa su a duniya. Ba ofishin can ne ya hana ka takardarka ba, Baba Inusa, ni ne, kuma yafewarka ba ta rage mini zafin sanin haka ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Ɗelu, da Tanko, da Binta, da jikoki, da maƙeran Madarunfa, da duk wanda ya taɓa jin labaru ta tukunyar Inusa. Ina kuma roƙon ku gafara a gaban jama'a, kamar yadda na roƙe shi. Allah Ya jiƙan Baba Inusa, Ya yalwata masa kabarinsa Ya haskaka shi, Ya karɓi alherin da ya yi wa na kusa da na nesa, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri da dangana. Mu da muka rage, Allah Ya yafe mana abin da muka ɓoye, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Haruna, malamin lakwal, Madarunfa.